Wai firojet da rubirik ɗin nan koyarwa ce ko lalaci?

Abban Yara: Salam 'yan gurup. Yau raina a ɓace yake wlh. Sati uku 'yata tana fama da firojet ɗin matatar ruwa da aka ba su, gorar roba aka yanke aka kifa, auduga a wuya, sai gawayi, sai yashi, tsakuwa a sama, ka zuba ruwan laka ya fito tas. Jiya ta dawo da 12 cikin 20. Na je tambaya sai aka miƙo min wata takarda mai gida-gida wai ita rubirik, fahimtar batu 5, aikin hannu 5, bayani gaban aji 5, haɗin kai da 'yan rukuni 5. A aikin hannu kaɗai ta ci 5 cif, wani yaro da ya kawo nasa yana yoyo an naɗe da salatif ya tashi da 17. Ni dai na ce wannan salon lalaci ne kawai, an gaji da makin takardu shi ne aka jibga wa iyaye aikin. A koma jarrabawa kowa ya san matsayinsa.

Malamar Kimiyya: Lalaci fa ka ce Abban Yara? Lalaci? Ka san kafin in ba yara firojet sai na zauna na rubuta ma'auni huɗu, kowanne da matakai huɗu daga wanda ya ƙware har wanda bai kama hanya ba, gida 16 kenan kuma kowane gida sai na faɗi abin da zan gani a aikin yaro da zai sa in ajiye shi a nan, sannan in zauna in saurari yara ɗaya bayan ɗaya. Jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu kuwa da yamma ɗaya nake gama makinta ina hira.

Abban Yara: Malama salon na ce lalaci ne, ban ce ke malalaciya ce ba.

Malamar Kimiyya: Salo ba ya lalaci, mutum ke yi. Ka faɗa ka faɗa.

Malamin Lissafi: Da gajiya ya ce da na bi bayansa, gajiya kam akwai ta. Amma lalaci zagi ne, ya janye.

Tsohon Hedimasta: Ba zai janye ba. Shekaruna nawa ina duba littafin malamai, na ga wanda zai ce wa yara ku je ku yi firojet ya kama latsa waya har a buga ƙararrawa. Wannan me sunansa in ba lalaci ba?

Malamin Lissafi: Baba wannan ai ko jarrabawa ka ba shi haka zai yi.

Ɗalibin Koyarwa: Da izinin iyayenmu, ba sabon salo ba ne fa. John Dewey na Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19 yake cewa yaro da hannunsa yake koyo, almajirinsa William Kilpatrick kuma a 1918 ya fito da tsarin koyarwa ta firojet a rubuce. Kuma Finlan ma sun soke jarrabawa gaba ɗaya sun soke darussa, firojet kawai suke.

Malamin Lissafi: A ina ka gani?

Ɗalibin Koyarwa: A wani bidiyo ne a YouTube, bari in nemo.

Malamin Lissafi: Kar ka wahalar da datarka. Manhajarsu ta 2016 cewa ta yi kowace shekara a yi aƙalla aiki ɗaya da ya haɗa darussa daban-daban, lissafi na nan, tarihi na nan, kuma ƙarshen babbar sakandare akwai jarrabawar ƙasa da suke zaunawa. Makinsu a PISA, gwajin da ake auna ɗaliban ƙasashen duniya da shi, ma tun bayan 2006 ƙasa yake yi ba sama ba, ban ce firojet ne ya ja ba, amma a daina kafa mana hujja da su.

Tsohon Hedimasta: Yauwa. Yaro ka ce 1918, sama da shekara 100 kenan, ina jarrabawar ta mutu? China sun fi shekara 1,000 suna ɗaukar ma'aikatan gwamnati da jarrabawa kafin su soke tsohon tsarin a 1905, kuma yau ma da jarrabawa ake shiga jami'arsu. Rubirik ɗin naku kuma ba makin sikim ɗinmu ba ne aka sake wa riga?

Malamar Kimiyya: Ba ɗaya ba ne ranka ya daɗe. Makin sikim a aljihun malami yake, amsa ce a ciki, yaro ya gani an yi satar jarrabawa. Rubirik kuwa tun ranar farko ake ba yaro a hannu don ya san inda za a duba, babu amsa a ciki sai siffar aiki mai kyau. Abban Yara, an ba 'yarka takardar tun farko ko sai bayan an gama?

Ɗalibin Koyarwa: Kalmar rubirik ma daga Latin take, daga kalmar ja, saboda da jan tawada ake rubuta kanun tsofaffin littattafai.

Tsohon Hedimasta: To jan biro ai mu muka fi ku riƙe shi.

Maman Biyu: Ni duk ba wannan ba. Abban Yara tsakani da Allah wa ya yanka gorar?

Abban Yara: Ni na yanka mana, so kike in ba yarinya wuƙa? Na ɗan taya ta jera yashin, gawayin ma ni na daka saboda ƙura.

Maman Biyu: Ashe kai ka ci 5 ɗin, barka.

Malamar Kimiyya: Shi ya sa gidan bayani yake nan. Na tabbata tambayarta aka yi me gawayi yake yi a ciki ta yi shiru. Gawayi ƙananan ƙofofi gare shi da ke riƙe wari da launi, tsakuwa da yashi su tare laka, kuma duk haskensa ruwan nan ba a sha sai an tafasa don matatar ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Mai salatif ɗin in ya faɗi wannan ya fi ta, ko nasa na yoyo.

Abban Yara: Kin tabbata? Kina wurin? Kunya gare ta, ba ta iya magana gaban mutane, sai a yanke mata maki don Allah ya yi ta mai kunya? Da a takarda aka tambaye ta da ta rubuta.

Maman Biyu: A nan kam ina bayanka. Kuma makin haɗin kai ɗin nan zalunci ne, ɗana shi kaɗai ya yi na rukuninsu su biyar, ɗaya ko sau ɗaya bai zo ba, aka raba musu maki daidai.

Malamin Lissafi: Hajiya kema kin kawo wata, zalunci. Da lalaci yanzu zalunci, mu malamai dai ba mu da sa'a a gurup ɗin nan.

Maman Biyu: To me zan kira shi, kyauta?

Tsohon Hedimasta: Duk masu kare abin nan ku duba, albashinsu a ciki yake.

Malamar Kimiyya: Baba ko sisi ba a ƙara min don na yi rubirik. Kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba, an ba ta takardar tun farko?

Abban Yara: Ban sani ba, sai na duba jakarta.

Admin: Toh jama'a dare ya yi. Abin da muka fahimta, kusan kowa ya yarda kalmar lalaci ba ta dace da malamai ba, ni kaina shekarata 14 ina koyarwa ban taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba. An kuma gano uban ne ya yi aikin, saboda haka makin da aka bayar daidai ne. Maganar Finlan da jan biro a bar su wani lokaci. Muna jiran Abban Yara ya ba malamai haƙuri.

Abban Yara: Wa ya yarda? Baba Hedimasta bai yarda ba, Maman Biyu ma maganarta ta makin rukuni ko ambatonta ba ka yi ba. Kuma gora kawai na yanka.

Maman Biyu: Da gawayi.

Admin: Na rufe gurup sai da safe.