Fim yana ɗingishi a sabuwar talabijin: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Magidanci daga Rijiyar Zaki:
Salamu alaikum jama'a. Na sayo filasma mai inci 55 a Sabon Gari, hoto tangaran, kala ba a magana. Matsalar sai an sa fim. Idan mutane suna zaune suna hira lafiya lau, amma da zarar kyamara ta fara tafiya a hankali daga gefe zuwa gefe, misali ana nuna gari daga sama, sai ka ga gine-ginen suna ɗingishi, suna matsawa suna ɗan tsayawa. Rubutun ƙarshen fim ma haka yake hawa a ciccije. Tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙeya ban taɓa lura tana haka ba. Maƙwabcina ya ce ƙarfin wuta ne, to ko da janareta haka take. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Uwargida daga Gyaɗi-Gyaɗi:
Wa'alaikumus salam. Malam, ni tawa akasin taka ce. Motsin ya yi santsi har ya wuce misali. Fim ɗin Indiya da na sani tun ina budurwa, na sa shi, sai ya koma kamar bidiyon bikin unguwa. Ka ga kwalliyar fuska ƙarara, ka gane cewa fadar nan katako ne aka yi wa fenti. A wurin rawa kuma, idan yarinya ta wulla hannu da sauri, akwai wani kurɓi-kurɓi da ke bin gefen hannun da bakin mayafinta. Na nuna wa maigida ya ce shi bai ga komai ba, wai neman magana nake. Yara kuwa sun fi son haka.

Wani matashi daga Kurna:
Baba, ba sabis ba ne kuwa? Ni idan data ta yi rauni haka nake gani.

Magidanci daga Rijiyar Zaki:
A'a ɗana, daga filash nake kallo. Na sabis ai tsayawa yake cak, da'irar nan ta yi ta juyawa. Wannan ba ya tsayawa, sautin ma ba ya yankewa.

Mai gyaran talabijin, Sabon Gari:
Yallabai da Hajiya, ciwonku biyu ne amma tushensu ɗaya, kuma ba na allo ba ne, kada wani ya ce ku kawo a canza muku wani abu a ciki.

Yawancin fina-finan silima hotuna 24 ake ɗauka a kowace daƙiƙa. Ita kuwa talabijin mai matsakaicin kuɗi sau 60 take sabunta allonta a daƙiƙa, shi ne 60Hz ɗin da kuke gani a takarda. To raba 60 gida 24, biyu da rabi ne, ba ya tashi daidai. Dole sai a nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, haka har fim ya ƙare. Wani hoton yana daɗewa a ido fiye da ɗan'uwansa. Ɗingishin Yallabai ke nan. Kuma girman allo yana ƙara tona shi, domin tazarar da abu ke tsallakewa tsakanin hoto da hoto ta fi faɗi a inci 55 fiye da a tsohuwar inci 21.

Mu nan tsarinmu na 50Hz ne, wato sau 50 a daƙiƙa, irin na Turai, kuma dikodojinmu a haka suke fitar da hoto. Dabarar da aka daɗe ana yi a ƙasashen 50 ita ce a ɗan hanzarta fim ya koma hotuna 25, kowanne a nuna shi sau biyu. Fim ɗin awa biyu yakan rage kusan minti biyar, amma tafiyarsa daidai take. Shi ya sa da yawanmu muka tashi ba mu san wannan matsalar ba sai da filash da intanet suka shigo.

Ta Hajiya kuma maganin da kamfanoni suka ƙirƙiro ne ya yi yawa. Talabijin ɗin tana duba hoto biyu, ta ƙago na tsakiyarsu da kanta ta cusa. Idan motsi ya yi sauri sai lissafin ya kuɓuce mata, shi ne kurɓin da kike gani a hannun mai rawa. Kowane kamfani da sunan da ya sa wa abin: LG TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus, a sababbinsu kuma Picture Clarity. Ki shiga saitin hoto ki kashe. Idan akwai Filmmaker Mode, wanda aka sanar a 2019 ya fara zuwa a talabijin na 2020, ki zaɓe shi, zai kashe miki duka. Da farko za ki ga kamar hoton ya yi duhu, ki ba idonki lokaci.

Mai gidan kallo a Ɗorayi:
Oga, ban yarda a kashe gaba ɗaya ba. Ni ƙwallo nake nunawa, kuma ranar da na kashe shi a babbar talabijin ɗina, 'yan bencin gaba suka fara ƙorafin hoto yana dishi-dishi idan an buga doguwar ƙwallo. Na mayar da shi can sama, sai ƙwallon ta riƙa rabuwa biyu a iska, wani lokacin ta ɓace ta dawo. A ƙasa-ƙasa na bar shi, kowa ya yi shiru. Saiti biyu nake da su yanzu, na ƙwallo daban, na fim ɗin dare daban, rimot kawai nake dannawa.

Mai gyaran talabijin, Sabon Gari:
Gaskiyarka Alhaji. Ƙwallo dama da 50 ake ɗaukarta, santsi ya dace da ita. Shi ma Yallabai ba kashewa zai yi ba. Ya shiga inda ake saitawa da hannu, ya ɗaga ma'aunin rage ɗingishi zuwa biyu ko uku cikin goma, ya tsaya nan.

Mai tace bidiyo, Zoo Road:
Akwai wanda ba a ambata ba, kuma a Kano ina jin shi ya fi yawa: ɗingishin da ke cikin fayil ɗin kansa. Fim ɗin da aka tura maka a shagon dawunlodin ya bi hannu da yawa. Wani ya matse shi don ya shiga memori, manhajar da ya yi amfani da ita ta mayar da 24 zuwa 30 ta hanyar maimaita wasu hotunan, wani kuma ya sake matsewa. Mu ma a wurin aiki muna gani: a ɗauki fitowa ɗaya da waya a kan hotuna 30 a daƙiƙa, a jefa ta cikin aikin da aka tsara a kan 25, manhaja ta riƙa zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida. Wannan ko talabijin ɗin miliyan nawa ka saka shi sai ya yi. Yallabai, ka buɗe fayil ɗin a waya ko kwamfuta, ka je daidai wurin nan na gine-gine, ka riƙa matsar da shi hoto ɗaya-ɗaya. Idan ka ga hoto guda ya fito sau biyu a jere, laifin fayil ne.

Ɗaliba daga Hotoro:
Mu namu akwatin Android ne ya ja, wato na'urar da ake jonawa da talabijin a kalli intanet. A kan 60 yake turo komai, fim ko ƙwallo. Yayana ya kunna wurin da ke sa shi bin saurin fim ɗin, yanzu allo yakan yi baƙi na ɗan lokaci kafin fim ya fara, daga nan shi ke nan.

Uwargida daga Gyaɗi-Gyaɗi:
Na kashe, fim ya dawo fim, Allah ya saka da alheri. Yanzu rigimar da yara ce, sun ce na lalata musu katun. Malam mai gyara, ƙanwata za ta sayi ta kayan ɗaki, an nuna mata wata da 120 a jikin kwali. Ita ce mai kyau?

Mai gyaran talabijin, Sabon Gari:
Idan 120Hz ce ta gaske, eh, domin 24 sau biyar 120 ne cif, kowane hoto sau biyar. Sai dai wasu kamfanonin suna buga 120 babba a kwali da wani suna na talla, alhali allon na 60 ne. Kada ta tsaya a kwali. Ta ɗauki lambar samfurin da ke bayan talabijin ɗin ta duba a intanet, kuma ta tafi da filash ɗinta a gwada a shagon kafin ta biya.