Mario & Sonic na Olamfik ɗin Tokyo 2020: wai dole ne sai an girgiza hannu?

Sonic_Na_Asali:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu bibiyar gem ɗin nan Mario & Sonic at the Olympic Games Tokyo 2020 da zai fito a na'urar gem ta Nintendo Switch farkon Nuwamban nan na 2019, ku ɗan taimaka min da bayani. Ni wallahi tun da aka nuna shi a baje kolin gem na E3 cikin watan Yuni na ƙagu, kullum sai na koma na kalli bidiyon tallan, musamman wajen kareti da hawan bango da wannan sulun da ake yi a kan katako mai taya, tunda suna cikin sababbin wasannin da aka ƙara a gasar ta Tokyo.

Matsalata ita ce Switch Lite nake da niyyar saya, wadda ta fito a Satumba, ita kuma kun san hannayenta a manne suke ba a cirewa kuma ba ta haɗuwa da talabijin. To a bidiyon sai na ga kowa na tsaye yana ta wurga hannu sama da ƙasa da Joy-Con, wato hannayen babbar Switch da ake cirewa. Tambayata, dole ne sai an yi wannan motsin, ko ana iya bugawa da maɓalli kawai? In kuma ana iya yi da maɓalli, daɗin bai ragu ba? Ban taɓa buga ko ɗaya daga cikin na baya ba, shi ya sa nake tambayar waɗanda suka riga mu.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, ba dole ba ne. A wasanni da yawa kafin a fara za a ba ka zaɓi, ko Joy-Con biyu, ko guda ɗaya, ko maɓalli zalla, saboda haka Lite ɗinka za ta buga shi.

Amma bari in faɗa maka abin da bidiyon talla ba zai faɗa maka ba. Ni tun na farko nake tare da su, na Beijing 2008 wanda ya fito a Wii, tsohuwar na'urar Nintendo, ƙarshen 2007, lokacin da ganin Mario da Sonic a gem ɗaya ma kansa abin mamaki ne don mun taso Sega da Nintendo ba sa ga maciji, sai da Sega ta daina ƙera na'ura a 2001 bayan Dreamcast sannan aka fara ganin Sonic a gidan Nintendo. A wancan na farkon in za a yi gudun mita 100 sai ka riƙe Wii Remote a dama, ɗaya hannun da ake kira Nunchuk a hagu, kana kaɗa su kaman mai gudun gaske, mutum ya miƙe tsaye yana haki yana gumi kafaɗa na ciwo. Ba a jima ba kowa ya gano sirrin, ka zauna abinka a kujera ka dafa gwiwar hannu a cinya ka dinga karkaɗa wuyan hannu kaɗan-kaɗan da sauri, wallahi sai ka wuce wanda ke tsaye yana ta wahala. Daga ranar da mutane suka gane haka shikenan an daina tashi, wasan motsa jiki ya koma wasan wuyan hannu. Abin da nake jira in gani ke nan a sabon, shin sun toshe wannan ƙofar ko har yanzu mai karkarwa ne zai ci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Injiniya_Bit:

Yaya Tsohon_Hannu maganarka gaskiya ce game da Wii amma ba adalci ba ne a auna Joy-Con da ita. Wii Remote na asali abin da ke cikinta na'urar auna fizga ce, wato tana jin an girgiza ta da ƙarfi ko a hankali, sai kuma ɗan idon da ke gabanta mai kallon sandar nan da ake ɗorawa a kan talabijin. Ba ta iya bin juyawar hannunka yadda ya kamata, shi ya sa duk wasan ya koma waye ya fi girgizawa. Sai a 2009 suka fito da MotionPlus da ake maƙalawa a gindinta don ta dinga jin juyi. Shi kuwa Joy-Con da ma can da duka biyun aka ƙera shi, kowane ɓari yana jin fizga yana kuma jin juyi.

Inda bambancin zai fito ba a gudu ba ne. Gudu kam ko me suka yi girgiza ce, babu wata dabara. Ka duba harbin kibiya, hannu ɗaya ya riƙe baka ɗaya ya ja tsirkiya, in hannunka ya ɗan karkace saitin ya gusa, a nan ne za ka ji aikin na'urar. Haka jifan mashi da jifan faifai inda kusurwar da ka saki abin take da muhimmanci, da dambe, da wasan takobi. Matsalar da irin wannan na'urar ke da ita dai ita ce in an daɗe ana wurgi saitin tsakiya yana gocewa a hankali, sai an dinga mayar da shi, kuma gem ɗin da bai kula da wannan ba yana sa mutum ya ji kaman hannunsa ne ba daidai ba alhali ba laifinsa ba ne.

Kai kuma mai tambaya, ana iya haɗa Joy-Con daban da Lite ba tare da waya ba, amma ka yi lissafi: sai ka sayi Joy-Con ɗin, sai ka sayi abin cajinsu don Lite ba ta da inda ake zura su, ba ta da ƙafar jinginawa, kuma fuskarta inci 5.5 ce. Ka jingina ta da wani abu ka ja baya kana wurga hannu kana ƙifta ido don ka hango layin tsalle? Ni dai ban ga daɗin ba. In motsin ne ya ja ra'ayinka babbar Switch za ka saya.

Maman_Yoshi:

Ni kuwa duk wannan bayanin na'urar bai dame ni ba, abin da na sani shi ne irin gem ɗin nan ba na mutum ɗaya ba ne. In ka zauna kai kaɗai da maɓalli za ka gama zagaye wasannin ka ajiye, amma mutum huɗu a gaban talabijin kowa na wurga hannu ana ihu ana dariya, wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba ma ka miƙa masa ka ce yi kaman kana iyo kuma ya yi, nan ne kuɗinka ke fita. Yarana tun yanzu sun raba 'yan wasan, babbar ta ce Peach nata ne ƙaramin ya ce Tails, ni aka bar min Yoshi. Shawara ɗaya, duk mai yara ya tabbata sun ɗaura igiyar nan a wuyan hannu kafin a fara, ba ado ba ce, a ƙarshen 2006 sai da Nintendo ta sauya wa mutane igiyar Wii Remote da mai kauri saboda yadda rimot ke kuɓucewa daga hannu.

Abin da ya fi ba ni dariya har gobe shi ne Sonic, wanda aka ce yana gudu kaman sauti, a jera shi a layi ɗaya da Wario da Bowser da Eggman da tumbinsu kuma in ka yi sake su wuce shi. Usain Bolt ma daƙiƙa 9.58 ya yi a 2009, shi Sonic ai kafin a gama harba bindiga ya kamata a ce ya isa. Ga shi bai iya iyo ba, a na baya rigar ceto suke sa masa in za a shiga ruwa lol.

Tsohon_Hannu:

Hajiya ai in aka bar Sonic da ainihin gudunsa babu gasa, dole a daidaita su. Na manta ban faɗi abin da ni ya fi ja na ba, ɓangaren Tokyo 1964. Kun san Tokyo ta taɓa karɓar Olamfik a shekarar, to sun yi wasu wasannin da tsohon zane irin na da, Mario da kamanninsa na 1985, Sonic da nasa na 1991, gefe da gefe a fili ɗaya, kuma labarin gem ɗin ma a kan haka aka gina shi, wai sun maƙale a cikin wata tsohuwar na'ura tare da Bowser da Eggman. Wannan ɓangaren da maɓalli ake buga shi, dannawa da sauri irin ta Track & Field na Konami na 1983 da ke sa yatsa ya yi zafi. Mai Lite bai rasa komai ba a nan. Injiniya na ji bayaninka a kan harbin kibiya kuma na yarda, amma ina nan a kan bakana, ranar da aka hau intanet ana neman maki duk za ka ga manyan sun koma maɓalli don ya fi tabbas.

Sonic_Na_Asali:

Kai na gode sosai, Allah Ya saka da alheri. Yanzu kun ƙara rikita ni wallahi, don ni harbin kibiyar da damben ne nake so in yi da hannuna, kuma muna da yawa a gida. Ina ga zan haƙura da Lite ɗin in ƙara tara kuɗi in sayi babbar, gasar ma ai sai 24 ga Yulin 2020 aka shirya buɗe ta, ba gudu gem ɗin zai yi ba. Duk wanda ya riga samu a Nuwamba don Allah ya gwada mana gudun mita 100 sau biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune, ya zo ya faɗa mana lokacin da ya yi a kowanne.