Neman taimako kan waƙoƙin hijira da cin rani

Assalamu alaikum malamai. Malamin Hausa ne ni a wani ƙauye kusa da Ringim, ina nazarin rubutattun waƙoƙi kan barin gida, kuma aikin ya cije.

Waƙoƙin ƴan cin rani ba su ba ni wahala ba, domin mai su yana jiran damina ya koma gona. Amma jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Sarkin Musulmi Attahiru da Turawan Ingila, suka zauna a Mai Wurno ta Sudan fa? Idan mawaƙinsu ya yi begen ƙasar Hausa da bai taɓa takawa ba, a wane jigo zan sa shi, kewar gida ko neman asali? Raina ya fi karkata ga na biyun.

Don Allah mai irin waɗannan waƙoƙi, ko da na ajami ne, ya taimaka mini.