Na sayi likkafanina na ajiye, yanzu gida ya rikice. Laifi na yi?

Baban Walid:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimi da waɗanda irin haka ta taɓa faruwa da su ina neman shawara, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Wata biyar kenan da yayana ya rasu a Legas, uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba a ɗakinmu. Lafiya ƙalau ya yi la'asar, kafin magariba aka kira ni wai ya yanke jiki ya faɗi a shago. To tun a daren aka fara ja-in-ja, abokan kasuwancinsa na can suka ce a yi masa sutura a Agege da safe kamar yadda ake yi wa kowa, Hajiyarmu tana kuka tana cewa sai ta ga ɗanta, matarsa tace ai ya taɓa ce mata in ya mutu a kai shi maƙabartar Dandolo a Kano kusa da Baba, ƙaninmu kuma yace shi da kunnensa ya ji yana cewa duk inda ta riske shi nan ne makwancinsa. Kowa da abin da ya ji, mai maganar kuma yana kwance. Ƙarshe dai shatar mota aka yi, aka kwana aka wuni a hanya. Ni na shiga wankan, kuma wallahi abin da na gani ba zan so a yi wa gawata wannan tafiyar ba.

Bayan an share makoki sai wata sabuwa. Wayarsa a kulle babu wanda ya san lambar, mutum uku suka zo da maganar bashi, ɗaya da takarda biyu da baki kawai. Sai ga wani dattijo ya zo da ƙafarsa ya ajiye mana dubu ɗari takwas a leda yace ajiya ce marigayi ya ba shi, ko matarsa ba ta san da ita ba. Da ya yi shiru fa shikenan.

Shi ne nace in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Na je na yanko alawayyo, na haɗa da turare na naɗe a leda na ɗora saman wadirob, na kuma sayi littafi zan fara rubutu. Kwana huɗu da yin haka uwargida tana neman katin rigakafin yaro ta ci karo da ledar. Kafin in dawo daga kasuwa ta kira Hajiya, Hajiya ta kira kawunmu, na tarar da gida kamar an yi wata rasuwar. Hajiya tace ban bari ƙasar kabarin ɗan'uwana ta bushe ba ina yi wa kaina mugun fata, ita kuma uwargida ta dage wai akwai ciwon da likita ya faɗa min nake ɓoyewa. Wallahi lafiyata lau, shekarata 46.

Tambayata, ya halatta mutum ya tanadi likkafaninsa? Zan iya rubuta wanda nake so ya yi min wanka da wanda zai sallace ni, in kuma ce duk inda na mutu a binne ni a nan? Sannan ba na son kanofi da kujeru da kulolin shinkafa na sati guda, in na rubuta dole ne a bi? Kuma gidan da muke ciki ina so ya zama na uwargida da yaranta, ya zan yi?

Almajirin Zaure:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Malam ba ka yi laifi ba. A Bukhari akwai sahabin da ya roƙi Manzon Allah (SAW) mayafin da aka kawo masa kyauta, mutane suka ga baikensa, yace shi ba don ya saka ya roƙa ba, don ya zama likkafaninsa ne, kuma da shi ɗin aka binne shi. Sayyidina Abubakar ma da kansa yace a wanke tufafin da ke jikinsa a ƙara biyu a yi masa likkafani, da Nana A'isha tace ai ya tsufa sai yace mai rai ya fi buƙatar sabo. Amru bn Asi ya yi wasiyya kada mai kururuwa ko wuta su raka gawarsa, wannan yana Muslim. To ka ga faɗin yadda kake so a yi maka ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu ma ai da yawa in sun je Makka sukan dawo da farin yadi su ajiye a adaka, ba wanda ya ce suna kiran mutuwa.

Rubutun kuwa ya fi likkafanin muhimmanci nesa ba kusa ba, don likkafani ko ba ka saya ba cikin awa guda za a samo. Hadisin Ibn Umar ne yace bai kamata musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa.

Amma a kula da iyaka. In mutum ya rasu kuɗin sutura ake fara fitarwa, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku, shi ne abin da aka faɗa wa Sa'ad bn Abi Waƙƙas har aka ce masa sulusin ma da yawa. Kuma babu wasiyya ga magaji, to matarka da 'ya'yanka magada ne, in ka rubuta "gidana na uwargida ne bayan raina" alƙali ba zai zartar ba sai in sauran magada sun amince da kansu, kuma Hajiya tana raye tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, a ciki. In da gaske kake, kyauta za ka yi yanzu da lafiyarka, da shaidu, ka canza takardu, gidan ya fita daga hannunka. Maganar kyautar gidan da kai ma kake zaune a ciki tana da 'yan sharuɗɗa a wajen malamanmu na Malikiyya saboda batun karɓa, wannan ka zauna da malami ko lauyan da ya san kotun shari'a, ba abin da za a gama a nan ba ne. Ka kuma ji tsoron Allah kada ya zama dabara ce ta hana wani rabonsa.

Na wanka da sallah ka rubuta, ana girmama shi in ya sauƙaƙa. Binnewa a inda ka mutu kuwa shi ya fi dacewa da gaggautawar da aka umarce mu.

Maman Ilham:

Baban Walid Allah ya ba ku haƙuri. Amma gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi, yadda ka yi ɗin nan ko ni ce sai na yi kuka. Mace tana cikin jimamin rasuwar yayan mijinta, ta ɗaga leda ta ga farin yadi da turare, me kake so ta ɗauka? Da ka zaunar da ita ka ce mata kin ga abin da ya samu matar Yaya ba na so ya same ki, wallahi ita za ta ɗauko maka biro.

Ni shekara shida kenan da rasuwar maigidana, kuma abin da ya fi ci min rai ba wanda ya ambata a nan. Ina cikin takaba, ko wata biyu ban yi ba a cikin wata huɗu da kwana goman, dangin miji suka zo da littafi wai za a ƙididdige kaya. Firij ɗin da na saya da kuɗin adashena aka rubuta, keken ɗinkina aka rubuta, har kujerun da babana ya yi min na aure sai da wani ƙanin mijin ya tsaya yana shafa hannun kujerar yana tambaya wai ba marigayi ne ya canza su ba. Ina zaune a kan tabarma da hijabi ina jin su ta labule, ba bakin magana, don in na yi a ce ga ta nan miji bai daɗe ba ta fara rigimar dukiya. Sannan akwai dubu ɗari uku da na ranta masa lokacin da kayansa suka maƙale, daga ni sai shi sai Allah, wa zan kawo shaida? Tumunin takaba kawai aka ba ni na yi shiru na bar wa Allah.

To dan Allah a littafin nan kafin ka rubuta wa zai wanke ka, rubuta abin da yake na matarka ne a gidan, ɗaya bayan ɗaya, da abin da take binka in akwai, har ragowar sadaki in bai cika ba.

Maganar zaman makoki kuma ban goyi bayanka duka ba. Kanofi da tare titi da yin bashi don a ciyar da mutane, wannan kam a bari. Amma kwana ukun nan da mata suke cika gida shi ya riƙe ni ban zauce ba, ranar da kowa ya watse na ji motsin agogon bango a falo ranar na san an yi mutuwa. Kai ka tafi, mu ne za mu zauna, kada ka rubuta abin da zai sa mutane su ji nauyin zuwa.

Tsohon Ma'aikaci:

Ni ta ɓangaren banki zan sa baki tunda na ɗan zauna a can. Mutanenmu da yawa sun ɗauka wanda suka rubuta a fom a matsayin nes of kin shi zai kwashi kuɗin, ba haka ba ne, shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Da zarar banki ya samu labarin rasuwa zai rufe asusun, sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta wanda aka ba izinin kula da dukiyar, kuma zirga-zirgar tana cin watanni. Sannan masu ɗaukar katin mamaci su je POS su zare kuɗi a ɓoye kafin a sanar, su sani haƙƙin magada ne suke taɓawa, marayu na ciki.

Shawarata kada ka rubuta lambar sirrin kati a littafin da yara za su iya buɗewa. Rubuta sunan kowane banki da lambar asusu, har su Opay da Moniepoint da mutane ke mantawa da su, da inda takardun fili suke, da wanda ka ba jinginar gona ko ya ba ka. Lambar buɗe waya kuwa a ambulan daban a manne. Ma'aikata kuma ku faɗa wa iyalanku kamfanin fanshonku, kuma dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, iyalai da yawa ba su ma san ana nema ba.

Direban Dare:

Hmm. Ni dai abin da na sani wanda ya mutu ba shi da ta cewa. Alhaji Aminu Dantata ya rasu a Abu Dhabi a 2025 aka kai shi Madina aka binne kamar yadda ya yi buri, a Kano sai salatul ga'ib aka yi, amma wannan Dantata ne. Kai talaka ka ce sai an kai ka garinku, ka bar yara da kuɗin shata da na mutuware da tsaye-tsayen shingen hanya, na ɗauko gawa daga kudu ba sau ɗaya ba na san abin da nake faɗa. Naka mai sauƙi ne tunda cewa ka yi a binne ka inda ka faɗi. Amma ka faɗa wa Hajiya da bakinka tun yanzu, don ranar in ta ce sai an kawo ka ba mai iya ɗaga mata takarda.

Baban Walid:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Maman Ilham maganarki ta shige ni, Allah ya jiƙan maigida ya raya abin da ya bari. Jiya bayan isha na zaunar da uwargida na karanta mata abin da kika rubuta, ta yi shiru can sai tace to a fara da injin markaɗenta. Muka yi dariya, rabon da a yi dariya a ɗakin nan an kwana biyu. Mun cika shafi biyu, ashe ita ma tana riƙe da adashen mata goma sha ɗaya kuma duk a ka take lissafin, yanzu tace a ware mata nata shafin. Likkafanin dai tace ba zai kwana mata a ɗaki ba, na kai shi shago. Hajiya ban tunkare ta ba tukuna, ina jiran kawu ya dawo daga ƙauye mu je tare.

Malam Almajirin Zaure ga wata kuma ta taso. Da na zo shafin bashi na tuna wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ya bar min dila biyu na atamfa tun wajen 2012, na biya ɗaya, kafin in biya ɗayar ya daina zuwa, lambarsa ba ta shiga, wanda ya haɗa mu kuma ya rasu. Sunansa na farko kawai na sani. Kuɗin wancan lokacin zan rubuta ko na yau, kuma in ban same shi ba wa zan ba?