Waƙoƙin Samuel Barber na ƙuruciya: da wacce za a fara wa ɗaliba?

Mai_Solfa: Barkanku da war haka. Akwai wata ɗaliba a ƙungiyar mawaƙa a Barnawa, muryar sama gare ta, tana karanta solfa (wato do-re-mi) da kyau amma nota, alamomin rubutun kiɗa, sai a hankali. Ana so ta rera ɗaya daga cikin waƙoƙin da Ba'amurken nan Samuel Barber ya rubuta yana matashi, murya ɗaya da piyano. Taron a Disamba ne, saura wata uku, kuma kibod kawai ake da shi. Da wacce za a fara, kuma a ina aka fi tuntuɓe?

Malam_Piyano: Ɗan'uwa, ka fara mata da "The Daisies". Ya rubuta ta a 1927 yana da shekara 17, lokacin yana ɗalibi a makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya, inda ya shiga a 1924. Ba ta wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma ba ta yawo daga wannan ki (matakin sautin da aka gina waƙa a kai) zuwa wancan, don haka za ta zauna a solfa ba wahala. Abin da ya sa waƙoƙinsa ke kwanciya a maƙogwaro shi ne shi kansa mawaƙi ne: ya koyi rera waƙa a Curtis, 'yar'uwar mahaifiyarsa Louise Homer kuma shahararriyar mawaƙiyar opera ce. Har ya ɗauki faifan waƙarsa "Dover Beach" da muryarsa a 1935. Amma wannan ku manta da ita, kayan goge huɗu take buƙata. Haka ma uku ɗin da ya ɗora kan baitocin James Joyce, musamman "I hear an army": sai murya mai nauyi da makaɗi mai hannu, ba aikin wata uku ba ne.

Malama_Murya: Na yarda da zaɓin Malam, sai dai ba a nota matsalar take ba, a baki take. Barber yana bin nauyin kalmar Turanci ne, gaɓar da aka danna ita yake ba dogon sauti ko sauti na sama. Mu kuwa harshenmu bai saba da baƙaƙe biyu ko uku a jere ba, sai mu cusa wasali a tsakani. A hira ba komai, amma a waƙa wasalin nan ya zama ƙarin gaɓa da ba ta da nota, sai ka ji ɗaliba tana baya da rabin bugu ba ta san dalili ba. Ga kuma p da f da ke musanya wuri, da baƙin ƙarshen kalma da ake haɗiyewa.

Makon farko kada ta rera komai. Ta riƙa karanta baitocin da ƙarfi, minti 10 kullum, tana ja wa gaɓoɓin da ake dannawa layi da fensir. Mako na biyu ta faɗe su a kan bugun waƙar tana tafi, ba sauti. Na uku ta rera karin da wasula zalla. Sai a na huɗu a mayar da baƙaƙen, a ajiye na ƙarshen kalma daidai kan bugun da ke biye. Wani abin da ke taimakonmu: kunnen Bahaushe ya riga ya san dogon wasali da gajere, to a nuna mata cewa abin da ake nema ke nan. Wurin numfashi kuma a bi waƙafi da aya na baitin, a sa alama a takarda tun ranar farko.

Ɗan_Kibod: Ni da "Sure on this shining night" zan ba ta, ta 1938, a kan baitin James Agee. Jama'a sun fi saurin kama ta, kuma shi Barber ya mayar da ita ta muryoyi huɗu a 1961, ka ga ƙungiya za ta mora daga baya. Abin lura: piyano yana maimaita karin mawaƙiya a bayanta, can gaba kuma shi ke shiga gaba ita ta bi. In ba a gaya mata ba, za ta ji karinta a hannun makaɗi ta ɗauka ta yi latti, ta faɗa ciki kafin lokaci. Kibod ɗin dole ya zama mai jin nauyin yatsa kuma da feda, a canza fedar duk sanda jituwar sauti ta canza. A ɗaki mai tayil da rufin kwano a rage ta sosai, in ba haka ba sautin ya cakuɗe.

Malama_Murya: Ɗan_Kibod, waccan jimlolinta dogaye ne kuma a hankali ake tafiya, sabuwar murya numfashi zai yanke mata a tsakiya. A bar ta ta zama ta biyu. Mai_Solfa, kamfanin G. Schirmer na buga waƙoƙin nan a ki na muryar sama da na ƙasa, ka nemi na sama maimakon danna madannin sauya ki. Tunda Disamba tsakiyar hunturu ne, ta riƙa shan ruwa tun safe, ta ɗumama murya minti 15 kafin ta hau, a kuma yayyafa wa ɗakin ruwa kafin a share shi.