Shawarwari kan haɗa na'urar zuƙe hayaƙin liƙi da dalma

Masu gyaran kayan lantarki da suka tattauna yadda mutum zai haɗa wa kansa na'urar zuƙe hayaƙin liƙi sun fara da gyara wata fahimta: farin hayaƙin da ke tashi lokacin liƙi ba na dalma ba ne. Dalma ba ta tafasa sai zafi ya haura digiri 1,700 a ma'aunin Celsius, ƙarfen liƙi kuwa yana aiki ne wajen 350. Ƙaron da ke cikin wayar liƙin ne ke ƙonewa, kuma yawan shaƙarsa na iya jawo asma. Ita dalmar ta hannu take shiga jiki, don haka a wanke hannu kafin cin abinci.

Haɗin da aka fi ambata shi ne fankar kwamfuta mai milimita 120 da wuta bolt 12, a cikin kwali ko akwatin roba, da soson gawayi a gabanta a matsayin matatar hayaƙin. Fankar ta riƙa zuƙowa, kada ta hura.

Inda aka yi saɓani shi ne matatar. Soson gawayi siriri yana rage wari, amma ƙananan ƙwayoyin hayaƙi suna wucewa abinsu, rashin wari kuma yana ruɗin mutum. Matatar HEPA, wato matatar iska mai tace ƙwayoyi ƙanana sosai, tana kama su, sai dai fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin jan iska ta cikinta. Sai an nemo fanka mai siffar dodon koɗi. A ganina, masu cewa a sa bututu a fitar da hayaƙin ta taga sun fi gaskiya.

Kowanne aka zaɓa, kada bakin zuƙar ya wuce santimita 15 daga wurin liƙin, domin ƙarfin zuƙar na raguwa da sauri idan aka yi nisa. A kuma toshe gefen matatar da salatif.