Tsofaffin fayilolin DBF sun ƙi zama daidai a Excel, a taimaka mini

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ina aiki a ofishin adana bayanan ɗalibai na wata makaranta. Tun kafin a ɗauke ni akwai wata manhaja mai shuɗin allo da wani malamin lissafi ya rubuta musu da FoxPro, wata tsohuwar manhajar adana bayanai, ba ruwanta da linzami, komai da madannai ake yi. Mutumin kirki ne, har yau ana yabonsa, amma ya yi ritaya tuntuni kuma lambarsa ba ta shiga. Wadda na gada a kujerar ma iyakar saninta ke nan: danna 1 a shigar da ɗalibi, danna 3 a buga takarda. Haka muke ta lallaɓawa a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. Na sha faɗa a taro cewa wata rana za ta ba mu kunya, aka ce na cika ƙorafi. To ga shi yanzu tana mutuwa tana farfaɗowa, an sayo sabuwa, manhajar ta ƙi tashi a kanta, shugaba kuma ya ce in mayar da komai Excel kafin Litinin. Na kwashe fayilolin a filasha na buɗe, abin bai fito daidai ba. Ya zan yi?

Bashir: Wa alaikumus salam. Hajiya, bai fito daidai ba ta yaya? Me kika gani, kuma waɗanne fayiloli kika kwasa?

Maman Hanifa: Masu DBF a ƙarshen suna. Lambar shiga makaranta irin 00417 ta koma 417. Wasu yara an nuna an haife su a 1905. Gurbin da muke rubuta bayanin canjin makaranta da na rashin lafiya kuma fayau, babu ko harafi ɗaya.

Injiniya Kabiru: Matsala uku ce, kowacce da tushenta, kuma duk na san su. Kafin komai, ki ajiye Excel a gefe.

Gurbin da ya fito fayau, memo ne, wato gurbin dogon rubutu. FoxPro ba ya zuba dogon rubutu a cikin DBF, lamba kawai yake ajiyewa a wurin, mai nuna inda rubutun yake a wani fayil dabam mai suna iri ɗaya amma ƙarshensa FPT. Da dBase ne, wata manhaja irin FoxPro, DBT zai zama. In sunan naki DALIBAI.DBF ne, sai an samu DALIBAI.FPT a gefensa. Ko yana nan ma Excel ba ya karanta shi.

Na 1905 kuwa ba juyawar ce ta ɓata ba, haka yake kwance a fayil ɗin. DBF yana ajiye kwanan wata da lamba 8, shekara cikakkiya sai wata sai rana. Idan an bar SET CENTURY a kashe, allon yana karɓar lamba biyu kawai, mai shigarwa ya buga 05 yana nufin 2005, manhajar ta rubuta 1905, kuma a allo 05 ɗin za a ci gaba da gani. Shi ya sa ba ku taɓa lura ba.

Sifilin gaba, na tabbata kin adana shi a CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa, kin sake buɗewa da danna sau biyu. A nan Excel yake ɗaukar 00417 a matsayin adadi ya yar da sifilan.

Maganin duka: Python, yaren rubuta manhaja, da dbfread, kayan aikinsa na karanta DBF, a zuba a SQLite, wata ma'ajiyar bayanai. Shi dbfread yana karanta FPT, ana gaya masa lambar tsarin haruffan DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, 437 ko 850, aikin minti kaɗan ne.

Maman Hanifa: Na gode Injiniya. CSV ɗin wani abokin aiki ne ya ce shi ya fi sauƙi, kuma ai ya buɗe. Sauran fayilolin ban kwasa ba saboda ko na danna su ba sa buɗewa, me zan yi da abin da ba ya buɗewa? Python kuma gaskiya ban san shi ba, shugaba Excel ya ce.

Sadiya: Yaya, ki sauke LibreOffice, kyauta ne. Calc, wato irin Excel ɗin da ke cikinsa, yana buɗe DBF kai tsaye, har zai tambaye ki tsarin haruffa, daga nan ki adana a XLSX, tsarin fayil ɗin Excel, ba sai kin bi ta CSV ba, sifilanki suna nan. Ni ma haka aka yi mini a wurin aikina na da. Mai gidan ya ƙi biyan wanda ya san aikin, ya ɗora mini, na kwana biyu ina fama, da aka gama ko sannu. Wai daga baya ma shi ne yake ba baƙi labarin yadda ya sabunta ofis.

Injiniya Kabiru: Sadiya, sifili kika gyara mata. Memo ɗin da ko a filasharta babu shi, Calc daga ina zai samo shi?

Ɗanlami: Ni fa ban ga abin wahala ba. Akwai shafuka a intanet da za ki loda fayil su mayar miki da shi Excel nan take.

Bashir: Haba Ɗanlami. Sunayen yaran mutane da ranar haihuwa da bayanin lafiyarsu za a loda a shafin da ba a san mai shi ba? Hajiya kar ki soma.

Malam Nuhu: Ni shawarata dabam ce. Manhajar ta ƙi tashi ne don Windows mai 64-bit ba ya tafiyar da manhajojin DOS. A sa DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, a sabuwar kwamfutar, a kwafo foldar manhajar gaba ɗaya, a ci gaba da aiki yadda aka saba, juyawa a yi ta a tsanake. Abin da ya ɗau shekaru ana tarawa ba a juye shi a ƙarshen mako. Mu an taɓa kawo mana wasu samari suka ce za su sabunta mana komai, suka karɓi rabin kuɗi, har yau rabin bayananmu na tsohon tsari rabi na sabo, in ana neman abu sai an duba wuri biyu.

Injiniya Kabiru: Malam, da girmamawa, wannan jinkirta ciwo ne. Microsoft ta daina tallafa wa Visual FoxPro 9, wanda shi ne na ƙarshe, tun 2015, balle na DOS. Kuma akwai abin da duk ba ku ambata ba. A DBF in an goge ɗalibi ba ya fita, alamar tauraro kawai ake sa masa a farkon layinsa har sai an yi PACK, umarnin da ke share su gaba ɗaya. Wasu kayan juyawar suna tsallake waɗannan, wasu suna kwaso su. Sai ki wayi gari yaron da aka cire tun tuni ya dawo cikin jerin. Dole a ƙirga layuka kafin juyawa da bayanta. Excel ɗin ma in fayilolin sun kai biyar, na ɗalibai dabam, na sakamako dabam, na kuɗin makaranta dabam, lambar shiga ce take haɗa su. Ita ce kuma kika bari ta lalace.

Maman Hanifa: Injiniya ban bari ta lalace ba, na asalin suna nan a filasha ban taɓa su ba. Sifilan kuma na fara mayar da su da hannu, na yi nisa. Na 1905 ɗin ma ai zan iya ƙara musu 100 duka.

Bashir: Ba duka ba Hajiya. Wanda aka haifa a 1998 daidai yake, in kika ƙara masa ya koma 2098. Ki zaɓi shekarar da ba zai yiwu a samu ɗalibinku a ƙasa da ita ba, waɗanda ke ƙasan kawai za ki ƙara wa. Sifilan kuma ki daina wahalar da kanki, ki sake buɗe na asalin yadda Sadiya ta ce.

Sadiya: Ni dai abin da ke ba ni haushi, kullum mai ƙaramar kujera ake bari da irin wannan.

Injiniya Kabiru: Tambaya ɗaya ce ta rage kuma ba a amsa ba. Tsohuwar kwamfutar tana ina? In ta tashi ko sau ɗaya, ki kwafi komai, da FPT da masu CDX a ƙarshen suna da abin da ba ki gane ba. In ta ƙi, a ciro faifan ajiyarta a haɗa da wata.

Maman Hanifa: An kai ta sito tun ranar da aka kawo sabuwar, mai makullin kuma yana hutu. Ni ina ganin zan miƙa abin da na samu ranar Litinin, bayanin rashin lafiyar ai ba kullum ake nemansa ba. Wanda aka tambaya sai a duba a takarda, in takardar tana nan.

Malam Nuhu: Kafin nan dai a gwada DOSBox ɗin.

Ɗanlami: Wai ni in tambaya, nawa fayil ɗin MDB ne na Access 97, manhajar adana bayanai ta Microsoft, Access 2013 ya ƙi buɗe shi. Shi ma wannan Python ɗin zai yi?